Wa Ya Kira Jikana Mahaukaci?

Salamu alaikum ga mai amsawa, wanda ba zai amsa ba ma ya tsaya ya ji. Sunana Saratu, a Gyadi-Gyadi Saratu mai markaɗe ake ce min. Ban yi boko ba, ko sunana aka rubuta a bango wucewa zan yi. Maƙwabciyata Rifkatu, maman Joshua, ita ke riƙe da waya tana rubuta abin da nake faɗa, kuma na rantsar da ita kada ta sassauta min ko kalma ɗaya. An ce a nan 'yan mata ke zuba labarin soyayyarsu ana ta yi musu tafi. To ga nawa. Akwai soyayya a ciki, sai dai ba ni aka so ba, ba kuma jikana ba.

Dangi sun gama yanke min hukunci, wai na kashe wa 'yata aure. Ku saurara, ku ma ku yanke naku.

Jikana sunansa Mubarak, shekararsa bakwai, ni maigidana nake ce masa. Shi ne ɗan farin 'yata Husaina. Ubansa ya rasu a hatsarin mota yana ɗan shekara uku, tana fita takaba ta dawo min da shi. Husaina ba ta faɗin sunansa, kun san kunyar ɗan fari. "Yaron nan" take cewa, ko "wancan". Ni ke yi masa wanka, ni ke kai shi makaranta, a bayana yake kwana.

Yaron nan ba ya iya zama wuri ɗaya. In ka aike shi ɗauko ludayi, zai dawo maka da takalmi yana ba ka labarin ƙadangare. Wannan da sauƙi. Tsoron shi ne masifar. In na tayar da inji sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado yana rawar jiki. Da safe in za a tafi makaranta cikinsa ya murɗa har ya yi amai. Wuyan rigarsa duk ya cinye shi da haƙori. A bakin ƙofar aji zai riƙe min zane ya ce, "Inna, in na taso zan same ki?" In ce za ka same ni. Ya sake tambaya. In sake faɗa. Har sai malami ya fizge shi. Makaranta biyu suka dawo min da shi, wai ba ya ji, yana hana yara karatu. Dukan da ya sha kuwa, ko jaki aka yi wa da ya koyi baƙi.

Ba inda ban je ba. An yi rubutu, an yi tofi, har gobe ina yi don addu'a ba ta faɗuwa ƙasa banza. Amma ranar da wani ya rufe shi da bargo ya banka masa hayaƙi, wai aljani ne, na ɗauke abina muka fito, kwana uku yaron bai yi magana ba. Mai kemis ya ba mu wani maganin ruwa, ya sha ya zube kamar kayan wanki, in ya farka tsoron na nan yana jiransa. Aka kwatanta min wani wuri a Hotoro, na ci ado na je. Sanyi kamar cikin firji, ga kujeru masu laushi, ga wata yarinya mai dogayen farce a bayan tebur. Ta faɗi kuɗin. Na ce, "Na shekara ne, 'yar nan?" Ta ce na zama ɗaya ne. Ruwan da suka ajiye min ko taɓa shi ban yi ba, kada a sa shi cikin lissafi.

Rifkatu ce ta samo mana mafita, da yake malamar makaranta ce ta san mutane. Wani ɗan gida ne a bayan kasuwar Tarauni, inda wata mata ke duba yara irin nawa duk ranar Alhamis. Anti Titi ake ce mata, Bayarabiya ce amma a Kano aka haife ta, in tana zuba Hausa sai ka ɗauka daga cikin badala ta fito. Abin da ake biya bai wuce kuɗin cefanen yini ba. Saboda haka layi ya yi tsawo, tun kafin azumi muke jira, sai bayan babbar salla aka kira mu. Dokarta ɗaya ce. Wanda ya yi fashi sau biyu a jere, gurbinsa ya zama na mai bi masa.

Ranar farko na ce mata, "Ki faɗa min gaskiya, ni ba na son kwana-kwana. Hauka ne?"

Ta ce, "Mama, ba hauka ba ne. Tsoro ne ya yi masa yawa, hankalinsa kuma ba ya daɗewa a kan abu ɗaya. Yara da yawa haka suke. Ana koya musu, su yi karatu su zama mutane."

Ba allura, ba duka. A tabarma take zama da shi suna gina motoci da yumɓu, tana jansa da hira. Ta koya masa in ƙirjinsa ya fara bugawa ya ja numfashi ya hura a hankali kamar mai fifita koko da baki. Ni kuma ta ce in daina tayar da inji ba sanarwa, in riƙa gaya masa tukuna. Kafin wata biyu maigidana da kansa yake tsayawa a bakin ƙofa, yatsu a kunne, ya ce, "Inna, tayar!" Aman safe ya ragu. Wallahi ranar da ya shiga aji da tambaya ɗaya tak, a hanya na tsaya na yi kuka kamar wadda aka yi wa mutuwa.

Abu ɗaya Anti Titi ke ta nanatawa. "Mama, ki zo min da mahaifiyarsa. Akwai abin da sai daga bakinta zai ji ya yarda." In na gaya wa Husaina sai ta sunkuyar da kai ta ce, "Haba Inna, ni in je in zauna ina wasan yumɓu da shi a gaban mutane?" Na ɗauka kunya ce.

A tsakanin nan wani Ashiru ya fito neman auren Husaina. Yana da shagon tayil a kan titin Zariya, saurayi ne bai taɓa aure ba, ga fara'a, ga ƙamshi tun daga zaure. Ba zan yi masa ƙarya ba, yana gaishe ni har ƙasa. Husaina da ta yi shekara huɗu a cikin hijabi ɗaya ruwan toka, sai ga ta da atamfa mai ganye-ganye, ɗinkin riga da siket, ga jan lalle a yatsu, ga turaren wuta kullum la'asar. Waya kuwa ta manne mata a kunne. Ina tankaɗe ina jin muryarsa tana fitowa daga ɗaki: "Gimbiya, kin ci abinci? In ba ki ci ba ni ma na fasa." Ita kuma tana dariya ƙasa-ƙasa. Na ce Alhamdulillahi. Wace uwa ce ba ta son ganin 'yarta a ɗakinta?

Sai danginsa suka shiga bincike, kamar yadda aka saba. A bi unguwa a tambayi asali, a tambayi hali, a tambayi ko akwai mugun ciwo a jini. Ban damu ba. Mu talakawa ne amma ba mu da abin ɓoyewa.

Wata Talata sai ga Yaya Haruna daga Daurawa. Shi ne wana, shi ne kuma waliyyin Husaina tun da mahaifinta ya rasu. Ko zama bai yi ba.

"Saratu, kashe injin nan. Ina kike kai yaron nan duk Alhamis?"

Na ce, "Wajen magani."

"Wajen masu taɓin hankali dai. Magana ta kai kunnen gwaggon Ashiru. An ce akwai hauka a gidan nan."

Roba na hannuna cike da ƙullun wani, saura kaɗan in sake ta. Na ce, "Wane ɗan baƙin ciki ne ya faɗa?"

"Oho. Ke dai ki dakata da zuwa har a ɗaura aure. Wata biyu ne, ba mutuwa zai yi ba."

"Yaya, in na yi fashi biyu an ba wani gurbinsa. Ka san watannin da na yi ina jira?"

Ya ce, "Ƙiriniya ce kawai ke damunsa da rashin namiji a gida. Ki ba ni shi sati ɗaya ki gani. Mu da muka tashi wa ya kai mu wajen wata Bayarabiya mu yi wasan ƙasa?"

Na ce ba zan fasa ba. Ya kaɗa babbar riga ya fita.

Ranar Alhamis da safe ina fama da layin masu markaɗe, ashe Yaya ya zo da babur ya tsaya a waje, Husaina ta miƙa masa yaron, wai zai je wasa da 'ya'yansa. Sai da na sallami mutane na shiga ɗauko masa riga na tarar ba ya nan. Na bi su Daurawa, aka ce sun fita. Sai bayan la'asar ya dawo min da shi. Wando a jiƙe, wuyan riga a huje, ido a kafe. Ya ƙanƙame ni yana cewa, "Inna na neme ki, na neme ki." Aikin wata biyu, Yaya ya rushe shi a yini ɗaya.

Anti Titi ta kira wayar Rifkatu. Ta ce ta ji, ta kuma tausaya, amma akwai uwar da ke zuwa mata da kuka duk sati tana jiran gurbi. Saura fashi ɗaya.

Ni fa ba kuɗin kowa nake nema ba. Abin da nake nema, wanda ya liƙa wa marayan nan sunan hauka ya zo ya cire shi da bakinsa. Na zargi matar mai shagon kan kwana, na zargi mai adaidaitar da ke kai mu. Na ga zargi ba zai fisshe ni ba, na yafa mayafi na nufi Ƙauyen Alu, gidan gwaggon Ashiru, don ita ce ta yi binciken.

Na same ta a falo, an shimfiɗa tayil har bango, tana cin tuffa da wuƙa. Ta ce, "A'a, surukarmu ce da rana tsaka? Bismillah, ga kujera."

Na ce, "Hajiya, ba zama ya kawo ni ba. Sunan wanda ya ce jikana mahaukaci ne nake so. Gaban mai unguwa za mu je da shi."

Ta ajiye wuƙar. "Inna Saratu, ki bar maganar nan. An riga an rufe ta."

"Ba a rufe ba tunda ni ban rufe ba."

"Mu fa cewa kawai aka yi ana ganinki da yaro a Tarauni. Ba wanda ya ambaci hauka. Na kira yarinyar na tambaye ta, me ke damun ɗanki? Shi ke nan abin da na yi."

"To wa ya kawo kalmar?"

Sannan ta jawo waya ta latsa, ta ajiye a hannun kujera. Muryar da na raina da nonona ce ta fito.

"Gwaggo, wallahi ba daga jininmu ba ne. Mubarak a dangin ubansa ya ɗebo, su ne masu taɓin hankali. Kuma ba zan zo da shi ba, na bar wa Inna shi har abada. Ko hutu ba zai zo min ba. Don Allah kada ki bari Baban Ashiru ya ji."

Jama'a, shekara bakwai ban taɓa jin sunan yaron nan a bakin uwarsa ba. Ranar na ji. Ashe bakin yana iya faɗa. Kuma mutumin da ta ɗora wa hauka yana kabari, mutumin da har ya mutu bai taɓa ɗaga mata murya ba, danginsa kuwa lafiyarsu ƙalau.

Hajiya ta ce, "Kin gani? Shi ya sa na ce ki bari. Alhaji, mahaifin Ashiru, bai san komai ba. Ce masa muka yi yaron yana wajen dangin ubansa. Mutum ne mai tsanani a kan asali, in ya ji ba aure. Ki rufa wa 'yarki asiri."

Ban san yadda na fito ba. Takalmina ma a hannu na riƙo shi har titi.

Na tarar da Husaina tana goge sabon mayafi. Na ce, "Na je Ƙauyen Alu. Na ji muryarki."

Dutsen gugar ya tsaya a hannunta har mayafin ya fara ƙauri. Sai ta fashe da kuka.

"Inna, ni ma fa mutum ce! Shekara huɗu ina zaune, duk wanda ya zo ya ga yaron nan yana ihu a ƙarƙashin gado ba ya dawowa. Me kike so in ce mata? In ce daga gare ni ne?"

"Ki ce tsoro ne, ana magani, yana samun sauƙi. Gaskiyar ke nan, ta yi miki nauyi?"

"Wa zai yarda? A garin nan in aka ce ƙwaƙwalwa, an gama magana."

Na ce, "Ki kira matar nan ki janye. Ki wanke ubansa, ki wanke shi. Shi ke nan abin da na roƙe ki."

Ta ce, "Bayan biki, Inna. Wallahi bayan biki." Ta share hawaye, ta ƙara da cewa Kawu Haruna ya tsayar da ranar da manyan Ashiru za su kawo kuɗin gaisuwa. Alhamis ɗin nan mai zuwa, bayan azahar.

Juma'a ba ta yi musu ba, Asabar ba ta yi ba, sai Alhamis. Yaya ya san abin da yake yi. Gidanmu ƙofa ɗaya gare shi, kuma a bakinta ake shimfiɗa wa baƙi.

Ranar ta zo. Gida ya cika da ƙamshin waina da miyar taushe. Husaina ta sha leshi ruwan zuma tana leƙe ta taga. Yaya ya shigo da hula a karkace ya ce, "Ki kulle shi a ɗaki har su tafi. In na ji motsinsa, ni da ke ne."

Na yi wa maigidana wanka, na sa masa yadinsa na salla, na shafa masa mai. Na ce, "Akwai mutane a waje. Za mu wuce ta gabansu, ka riƙe hannuna, ka hura kokonka." Wallahi niyyata in gaishe su in wuce, ba na son tonon silili.

Muka fito zaure. Dattawa ne zaune a kan darduma, ga goro da alawa a tsakiya. Wani mai farin gemu da carbi, na san shi ne Alhaji, ya amsa gaisuwata da fara'a, ya miƙo wa yaron alawa.

"Masha Allah. Wannan angon fa, na wane ne?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya yi caraf. "Ɗan maƙwabta ne, Alhaji. Za ta mayar da shi gidansu."

Mubarak ya ƙanƙame hannuna. Ya ɗago ya kalle ni, wuyan riga ya riga ya shiga baki. Yaron da kullum tsoronsa a bar shi, a gabansa aka ce ba namu ba ne, za a mayar da shi wani gida.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce, "Alhaji, ba ɗan maƙwabta ba ne. Jikana ne, sunansa Mubarak, ɗan Husaina da kuka zo nema. A gidan nan yake, a nan zai zauna. Tarauni za mu wajen mai koya masa maganin tsoro. Ba hauka yake ba, ubansa ma da ke kabari bai yi hauka ba. Duk wanda ya faɗa, ko daga cikina ya fito, ƙarya ya yi."

Alhaji ya juya ya kalli Yaya, a hankali ya ce, "Malam Haruna, wa ya yi zancen hauka?"

Ban tsaya jin amsar ba. Na ja abina muka tari adaidaita.

Mun isa ana shirin kiran wadda ke bayanmu. Anti Titi ta dubi fuskata, ta dubi wuyan rigarsa. Ta ce, "Oga Mubarak, motarka ta yumɓu ta bushe, tana jiran taya." Ya saki hannuna ya bi ta. Na zauna a benci ina jiransu.

Da muka dawo an naɗe darduma, waina tana nan a kwano ba wanda ya taɓa. Ba su bar kuɗin ba. Yaya na tsakar gida yana kumfar baki, wai na tozarta shi a gaban manya, ba shi ba ni har Mahadi ya bayyana. Na ce Allah ya raka taki gona. Husaina na zaune a bakin gado, ɗankwali a ƙasa, tana sake kunna saƙon Ashiru: "Ki yi haƙuri, Baba ya ce a dakata tukuna. Ba ciwon yaron ne ya fi ɓata masa rai ba, ƙaryar ce. Zan kira ki." Ba gimbiya, ba kin ci abinci.

Ta ɗago da jajayen idanu. "Inna, kin huta? Kin kashe ni."

Na ce, "Ban kashe ki ba. Ki kira su ki faɗi gaskiya da bakinki. Alhamis mai zuwa ki bi mu ki zauna a tabarmar Anti Titi. In Ashiru ɗan halak ne zai dawo."

Ta jawo akwati ta zuba atamfofinta da turarukanta, ta ce gidan Kawu za ta koma. Mubarak na tsaye a bakin ƙofa da motar yumɓu a hannu, ya ɗaga mata ita don ta gani. Ta raɓa ta gefensa ta wuce, akwatin ma ya goge shi.

To ga shi kun ji. Dangi sun ɗauke min ƙafa, masu markaɗe suna zuwa da robobi da kunnuwa a buɗe. Har yau ba wanda ya janye kalmar nan, kuma ba zan daina nema ba. Gurbin maigidana dai yana nan, ba a ba kowa ba.

Amma jiya ina wanke inji ya zo ya tsuguna kusa da ni, ya daɗe yana kallon ƙofa. Ya ce, "Inna, ni na kore ta?"

Na ce a'a. Ya sake tambaya. Na sake cewa a'a. Ya ce, "To ki ce ta zo ta faɗa min."